Bindigar Toka Jiya da Yau: Jan Kunne Kan Sauya Mai Baki Ɗaya Ta Koma Ta Ɗuri

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu, wanda aka yi a garin Ajingi)





Gabatarwa

Lokacin da kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a bana, na san da yawa sun zaci batun makaranta zan ɗauko, tunda a cikinta na ƙare ƙuruciyata. To, yau na kauce kaɗan, kuma ga dalili. Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya zo gaishe ni, sai ya miƙo mini hannun hagu. Na yi shirin yi masa faɗa irin na malami, sai ya zaro na dama daga aljihu, na ga babu babban yatsa da manuni. Da na tambaye shi, ya ce bindigar marigayi mahaifinsu ce, irin mai baki ɗaya da ake karyawa a sa harsashi. Yayansa da ke birni ne ya ce ya riƙa tsaron gona da ita. Da kuɗin harsashi ya gagare shi, sai ya kai ta wurin wani mai walda aka sauya ta, ta koma ana ɗura mata albarushi ta baki kamar bindigar toka. Ta yi masa harbi ba sau ɗaya ba lafiya lau, ranar da ƙaddara ta zo ta tsage a hannunsa.

Na bincika na tarar ba shi kaɗai ne ya yi wannan dabara ba. Kuma da yake mafi yawan irin waɗannan bindigogi na gado ne, masu faɗa a ji a kansu su ne ku da ke zaune a birane, na ga babu inda ya fi dacewa a yi maganar sai nan. Zan taɓo tarihin bindiga a ƙasarmu, da bambancin bindigogin nan biyu, da abin da doka ta tanada, sannan in ba da shawarwari.

Mu da ƙarfe, mu da bindiga

Duk wanda ya fito daga ƙasar Gaya ba baƙo ba ne ga ƙira. Labarin da muka gada ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dutsen Dala domin neman tama, daga Gaya suka tashi. Haka nan a labarin Bayajida, a Gaya ya yada zango maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura. Saboda haka abin da zan faɗa ba raini ba ne ga maƙeranmu. Kakanninsu ne suka koya wa ƙasar Kano sarrafa ƙarfe.

Ita kuwa bindiga baƙuwa ce, ta hanyoyi biyu ta shigo mana. Ta farko ita ce ta Sahara. A ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yana da rundunar 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar, kamar yadda limaminsa Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta. Ta biyu ita ce ta bakin teku, inda fataken Turai suke sauke dogayen bindigogi masu ƙanƙara, su bi hannun 'yan kasuwa har su iso Nufe da ƙasar Hausa. Sunan da Turawa suke kiran bindigar toka da shi ma daga mutanen Denmak ya samo asali, domin suna cikin masu cinikinta a gaɓar da take ƙasar Gana a yau. Mu kuwa muka raɗa mata namu sunayen: adaka, bindigar toka, da kuma harbi-ka-ruga, sunan da ya faɗi gaskiyar halinta, domin in ka harba sau ɗaya, kafin ka sake ɗuri sai dai ƙafa ta cece ka.

Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda da yawanmu muka karanta fassararsa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, an kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nufe, kuma Sarki Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har maƙeransa suna zuba masa igwa a Zindar. A 1893 Rabe ya ci Barno da ƙarfin bindiga. A nan Kano kuma Sarki Alu, wanda ya hau bayan Basasa, an san shi da laƙabin Mai Sango, sango kuwa shi ne guntun mashin nan da ake cusawa a bakin bindiga a harbi giwa da shi.

Akwai wani abu da ya kamata matasanmu su sani. A 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a Burasels, suka ƙulla yarjejeniyar taƙaita sayar wa mutanen wani babban yanki na Afirka bindigogin zamani, amma suka bar ƙofa a buɗe ga masu ƙanƙara da baƙin albarushi. Wato sun riƙe mai kyau, sun bar mana wadda suka daina yayi. Sakamakon haka ya bayyana ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin da rundunar Kanar Molan ta shiga Kano da igwa da bindiga mai ruwan harsashi. Daga nan bindigar toka ta bar fagen fama, ta koma hannun maharba da masu gadin gona, da 'yan bindigar fada waɗanda ke cika gari da ƙara da hayaƙi ranar hawan Sallah. A waɗannan wurare tana da mutuncinta har gobe.

Abin mamaki shi ne, irin sauyin da yaranmu suke yi yau, duniya ta taɓa yin sa, amma ta fuskar gaba. A 1866 sojan Ingila suka fara yanke gindin tsofaffin bindigoginsu na ɗuri suna mayar da su masu cin harsashi, aka kira su Sinaida. Amurka da Faransa ma sun yi irin wannan a shekarun. A manyan masana'antu aka yi aikin, da ma'aunai da gwaji. Mu kuma bayan shekara fiye da 150, mun ɗauko aikin ta baya, a rumfar mai walda.

Kowace da ginin da aka yi mata

Ya ku 'yan'uwa, a ido bindigogin nan biyu kamar ɗanjuma ne da ɗanjummai: ga ƙota, ga bututu, ga kunama. Amma a ciki hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Bindigar toka tun ranar da aka ƙera ta gindin bututunta a toshe yake, ba shi da aikin buɗewa. Ta baki ake zuba mata komai, wuta kuma ta 'yar ƙaramar kafa take shiga, ko dai daga tartsatsin ƙanƙara, ko daga 'yar hular nan da ta yaɗu a Turai bayan wani limamin coci ɗan Sikotlan mai suna Fosait ya yi rajistar dabararsa a 1807. Mai baki ɗaya kuwa an yi gindinta ne domin ya buɗe. Abin da ke toshe shi a lokacin harbi shi ne kwanson harsashin kansa: da wuta ta tashi sai kwanson ya kumbura ya manne da bangon bututu, ya hana hayaƙi da wuta komawa baya. Duk wanda ya raba ta da kwanso, ya sa wani abu a madadinsa, to ya ɗora ransa ne a kan wannan abin da ya sa. Kuma kada mu manta, gindin bututu yana dab da inda mai harbi ke kwantar da kumatunsa, kusa da idonsa na dama. Walda kuma, ko da ta yi kyau a ido, zafinta na sauya ƙarfin ƙarfen da ke kewaye da ita, ta bar tsagar da ba a gani sai ranar da ta buɗe.

Na biyu shi ne albarushi. Baƙin albarushi irin na dā daban yake da na cikin harsashin zamani, wanda wani Bafaranshe mai suna Biyai ya fito da irinsa na farko a 1884. Na zamani ba shi da hayaƙi sosai, amma ɗan kaɗan daga cikinsa yana da tunkuɗar da ta ninka ta baƙin. A masana'anta ake auna shi da sikeli mai tsananin daidaito. Na ji ana cewa wasu kan farke harsashi su juye garinsa su gauraya da baƙi wai don ƙarin ƙarfi. Wannan ganganci ne tsantsa, kuma yana cikin manyan dalilan da ke tarwatsa bindigar ɗuri a ko'ina cikin duniya.

Na uku shi ne dattin da baƙin albarushi ke bari. Kusan rabinsa ba ya zama hayaƙi, toka yake komawa, ya lafe a cikin bututu. Wannan toka tana jan danshi, musamman da damina, ta riƙa cin ƙarfe daga ciki alhali waje na ƙyalli. Bindigar da aka ƙera shekara hamsin da suka wuce, ta yi shekaru a rataye a soro, sannan aka ɗora mata wannan ciwo, ina ƙarfin da ya rage mata?

Na huɗu shi ne mantuwa. Mai baki ɗaya kana karya ta ka ga ko da harsashi ko babu. Ta ɗuri kuwa cikinta duhu ne. Mutum ya ɗura da yamma, bai harba ba, ya rataye. Gari ya waye ƙanensa ya ɗauka ya ƙara wani ɗurin a kai. Ko kuma a harba, garwashi ya rage a ciki, a yi hanzarin zuba sabon albarushi, ya tashi a fuskar mai zubawa. Ko a ja kunama ta yi shiru, a juyo bakin a leƙa, sannan ta tashi. Tsofaffin maharbanmu sun san waɗannan tarkuna, domin sun yi shekaru suna ɗaukar jaka a bayan iyayen gidansu kafin a bar su su taɓa kunama. Yaron da ya karɓo bindiga daga rumfar walda da yamma ba shi da wannan tarbiyya.

A ƙasashen da ake ƙera bindiga, ba a yarda da ganin ido. A Ingila akwai gidan gwajin bindigogi a birnin Bamingam tun 1813, inda ake sa wa bututu lodin da ya wuce ƙima, a harba shi a cikin ɗaki rufaffe ba kowa a kusa. In ya jure a buga masa hatimi, in ya fashe ya fashe shi kaɗai. Wanda aka yi wa babban sauyi kuma sai ya koma gwaji kafin a sayar. A wurinmu kuwa, hannun mai bindiga da idonsa su ne gidan gwaji.

Abin da doka ta tanada

Babban abin da ke ruɗin mutane shi ne zaton cewa da zarar bindiga ta koma ta ɗuri, ta zama ta gargajiya, hukuma ba ruwanta. Wannan kuskure ne.

Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, kamar bindigogin soja da masu sarrafa kansu da fistol, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, kuma a nan mai baki ɗaya da mai baki biyu suke. Lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Kashi na uku su ne na ɗuri, wato bindigar toka da danginta, waɗanda aka bar al'amarin lasisinsu a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka gabata. Ta kuma hana ƙera bindiga ko haɗa ta ko gyara ta sai da izini; ko maƙerin bindigar toka ma akwai takardar da ya kamata ya mallaka. Har rage tsawon bututu ya gaza inci 20 laifi ne mai zaman kansa.

Ke nan wanda ya kai mai baki ɗaya aka sauya ta ya jefa mutum biyu cikin matsala: shi da ya riƙe bindigar da ba sunansa a takardarta, da mai waldar da ya yi aikin da ba a ba shi izini ba. Lasisi na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya, ba a gadonsa kamar gona. Dokar fashi da makami ta 1984 kuma ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba, kuma ta ambaci mai ƙanƙara a cikin ma'anar bindiga. A 2021 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, a 2023 Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi, a 2024 kuma aka sa hannu a kan dokar da ta ba cibiyar nan gindin zama. Duk mai hankali ya ga inda iska ta dosa.

Ko a Amurka, inda harbi da bindigar ɗuri ya zama abin sha'awa har ana ware masa lokacin farauta na musamman, kuma dokar tarayya ta sassauta a kanta, sassaucin bai shafi bindigar zamani da aka mayar ta ɗuri ba. Tana nan a matsayinta na farko a idon doka.

Sannan akwai abin da ya fi kotu tsanani. Ba mu manta da abin da ya faru a garin Uromi na Jihar Edo a ƙarshen watan Maris 2025 ba, inda aka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Kano masu dawowa gida yin Sallah, aka ga bindigogin toka a tare da su, aka yi musu ƙazafin satar mutane, aka kashe 16 daga cikinsu. Da yawansu mutanen Torankawa ne ta ƙaramar hukumar Bunkure. Da labarin ya fara zuwa, wasu ma sun zaci Toranke tamu ake nufi. Allah ya jiƙansu, ya saka musu. Zalunci ne aka yi musu wanda babu wani uzuri da zai wanke shi. Amma ya nuna mana zamanin da muke ciki: abin da muke gani kayan sana'a, a wani wuri ganin makamin ta'addanci ake yi masa. In bindigar toka ta asali ta jawo haka, ina ga wadda aka yi wa kwaskwarima, wadda ko mai ita ba zai iya bayanin asalinta ba?

Uzurin mutanenmu

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Manomi a Balare ko Gafasa ko Kunkurawa bai sauya bindiga don nishaɗi ba. Ɓarayin shanu da na tumaki suna nan, masu girbe wa mutum amfanin gona da dare suna nan, ofishin 'yan sanda na da nisa, harsashi ya yi tsada kuma samunsa sai mai takarda. Wanda aka kwance wa shanun huɗa biyu a dare ɗaya, ba za ka lallashe shi da karanta masa sashen doka ba. Na yarda da wannan duka. Abin da nake cewa shi ne, maganin da ya zaɓa ya fi cutar. Ɗalibin nan nawa ya tsare gonarsa shekara guda, yanzu kuwa ba ya iya riƙe fartanya, sai ya biya 'yan ƙodago. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Addininmu ma ya ja mana kunne. An hana Musulmi ya jefa kansa cikin halaka da hannunsa, an kuma hana shi nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa ne. Wanda ya aika wa ƙanensa makamin da ya san ba shi da aminci, ya tambayi kansa wane bayani zai yi in abin ya faru.

Shawarwari

1. Duk wanda ya san akwai bindigar gado a gidansu, ya binciki inda take da halin da take ciki kafin ya koma birni. In babu mai lasisi a kanta, a sanar da mai unguwa da dagaci, a tafi tare a miƙa ta ga 'yan sanda, a karɓi shaida a rubuce.

2. Wadda aka riga aka sauya, kada a sake harba ta, kada kuma wani ya ce zai kwance ta ko ya zazzage ta a gida. A ɗauka cewa a ɗure take, a nisanta ta daga yara da wuta, a bi da ita ta hannun hukuma.

3. Ƙungiya ta roƙi mai girma Hakimi ya kira zama da Sarkin Baka da Sarkin Maƙera da shugabannin masu walda da na 'yan sintiri, tare da babban jami'in 'yan sanda na yanki, a yi wa kowa bayanin iyakarsa. Tunda Ajingi na ƙarƙashin masarautar Gaya tare da Albasu, ana iya kai maganar fada domin ta game ƙasar baki ɗaya.

4. Maharbanmu na gado a taimaka musu su yi rajista, su sami katin shaida da takardun da suka dace, kuma a shawarce su su daina doguwar tafiya da bindiga a motar haya.

5. Kuɗin da muke aikawa a sayi albarushi, mu tara shi a asusun ƙungiya a saya wa 'yan sintiri fitilu masu haske da usur da wayoyi da takalman damina, a taimaka wa makiyaya da manoma su gina garke mai ƙofa. Ɓarawo ya fi tsoron gari mai farkawa gaba ɗaya a kan mutum ɗaya mai bindiga.

6. 'Yan bindigar hawan Sallah su ci gaba da raya al'ada, amma a ƙarƙashin shugabansu, da bindigogin da aka sani, ba tare da ƙananan yara a cikin sahu ba.

7. A ɗauki nauyin waɗanda suka riga suka nakasa, a koya musu sana'ar da za su iya, domin iyalinsu namu ne.

Kammalawa

Jama'a, na shekara talatin da 'yan kai ina koya wa yaran ƙasar nan riƙe alƙalami. Ba ƙaramin ciwo ba ne a gare ni in ga yatsun da na gyara wa riƙon fensir sun tafi a banza. Rigakafi ya fi magani, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon kowa, kafin ya hau mota gobe, ya leƙa soron gidansu ya ga abin da ke rataye a bango.

 Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure daga gare ni ne, ina neman afuwa. Allah ya zaunar da ƙasar Ajingi da masarautar Gaya da Jihar Kano da Nijeriya lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.